Tambayoyin Masu Karatu: Sifoilar Bayan Mota, Aiki Take Yi ko Kwalliya Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ne ya kaure tsakanina da abokaina a majalisa a kan wannan abu da ake ɗora wa motocin gudu a saman but, wato sifoila. Ni na dage cewa kwalliya ce kawai, domin ban ga yadda guntuwar roba za ta yi tasiri a kan motar da ta fi tan ɗaya nauyi ba. Su kuma sun ce idan babu ita motar tana iya tashi sama. Don Allah a raba mana gardama.
— Wani mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, idan maganar motocin gudu na ainihi kuke yi, waɗanda aka ƙera domin su zarce kilomita 200 a awa, to abokanka sun fi ka kusa da gaskiya, ko da yake sun ɗan zuzuta da suka ce motar za ta tashi sama. Idan kuwa maganar mafi yawan sifoilolin da kake gani a titunan gari ake yi, to kai ne mai gaskiya. Abubuwa biyu ne ke raba wannan gardama: irin gudun da motar take yi, da kuma wanda ya tsara sifoilar tun farko.

Mota tana tafiya ne a cikin iska, kuma iskar ba kauce mata take yi salin alin ba. Wani kaso yana bi ta ƙarƙashi, wani ta gefe, wani kuma yana hawa bonet da gilashin gaba, ya bi ta kan rufi, sannan ya gangaro ta baya. Wannan iskar da ta bi ta sama, idan bayan motar mai santsi ne da ya gangara a hankali, tana manne wa jikin motar tana lanƙwasowa ƙasa da sauri, kuma a duk inda iska ta yi irin wannan lanƙwasa matsinta yana raguwa. Sakamakon haka sai ta riƙa tsotso bayan motar zuwa sama. Duk wanda ya ga yadda guguwar farkon damina take yaye rufin kwano ya ga irin wannan ƙarfi da idonsa, domin ba shigar iska ta ƙarƙashin rufin kaɗai ke ɗaga shi ba, har da tsotson wadda take wucewa ta samansa da gudu. Mota ba za ta tashi kamar kwano ba saboda nauyinta, amma nauyin da ke danne tayoyin baya a kan kwalta yana raguwa, taya kuwa ba ta riƙe hanya sai gwargwadon nauyin da ke kanta. Direba zai ji bayan motar ya yi sakayau, kuma idan ya murza sitiyari ba zato ko ya cire ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayan yana iya zamewa ya juyo gaba.

Abin da ya sa mutane da yawa ba su yarda da wannan bayani ba shi ne ba su taɓa jin hakan a motocinsu ba, kuma suna da hujja. Ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin iska ninkawa yake yi sau huɗu. Idan gudu ya ninka sau uku, shi kuma ya ninka sau tara. Abin da bai taka kara ya karya ba a gudun kilomita 60 a awa yana zama babban al'amari a gudun 180, kuma wannan lissafi shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya.

Akwai iri biyu da mutane suke haɗawa a suna ɗaya, alhali aikinsu ya bambanta. Na farko shi ne ɗan tudu ko leɓe da ke manne a ƙarshen but, wanda iska ba ta bi ta ƙarƙashinsa. Aikinsa shi ne ya katse wa iska waccan gangarawa, ya tilasta mata rabuwa da jikin motar a wurin da injiniya ya zaɓa, ta yadda tsotson zai ragu. Na biyu shi ne fiffike sosai, wanda ke tsaye a kan ƙafafu, iska tana bi ta samansa da ƙarƙashinsa. Wannan fiffiken jirgin sama ne aka kifar: na jirgi yana ɗaga jirgi sama, na mota yana danna mota ƙasa. Amfanin wannan danniya shi ne tana ƙara wa taya riƙo ba tare da ta ƙara wa mota nauyin da za ta ja ba. Da za ka ɗora buhunan siminti a but, tayoyin baya za su ƙara dannuwa, amma nauyin buhunan zai riƙa fizgar motar waje a kwana, ya kuma ƙara wa birki aiki. Danniyar iska ba ta da wannan illa.

Misalin da nake ganin ya fi kowanne warware muku musu shi ne na motar Audi TT. An fito da ita a 1998, kuma ta yi farin jini saboda kyan siffarta: baya zagayayye, sumul, babu ko ɗan tudu a kansa, kamar yadda masu zanen suka so. Ba a jima ba aka fara samun munanan haɗurra da ita, musamman a Jamus, inda wasu sassan manyan hanyoyi ba su da ƙayyadadden gudu. Haɗurran sun fi faruwa a gudun da ya kai kilomita 180 a awa ko fiye, lokacin da direba ya sauya layi ba zato ko ya shiga kwana da ƙarfi, har aka rasa rayuka. Daga ƙarshen 1999 zuwa farkon 2000 kamfanin ya janye motocin domin gyara. An sauya wasu sassan ƙafar motar, an ƙara na'urar da ke taimaka wa direba idan mota ta fara zamewa, sannan aka liƙa wata 'yar ƙaramar sifoila a saman but. Ka lura da kyau, Malam: a nan ba domin kyau aka sa ta ba, hasali ma masu sha'awar motar da dama sun ga ta ɓata tsarin zanen. Kamfani ba ya kashe maƙudan kuɗi ya kira dubban motoci ya liƙa musu abin da masu saye suke ganin muni ne, sai idan abin yana aiki.

Kafin wannan da shekaru da yawa, kamfanin Porsche ya sha fama da irin wannan matsala a motarsa 911, wadda bayanta ya gangara tun daga rufi har bamba, injinta kuma yana can baya. A 1972 suka nuna samfurin Carrera RS 2.7 a bikin baje kolin motoci na birnin Paris, da wani tudu a kan murfin inji wanda ya ɗaga sama kamar jelar agwagwa, sunan da ya bi shi har yau. Gwajin da aka yi a ɗakin gwajin iska ya nuna tudun ya rage ɗagawar bayan motar sosai, kuma maimakon ya rage mata gudu sai ma ya ɗan ƙara, domin ya gyara yadda iska take rabuwa da ita. An yi niyyar ƙera 500 ne kawai domin cika sharaɗin shiga tsere, amma sai da aka ƙera 1,580.

Shi kuwa fiffike mai tsaye, a filin tsere ya samo asali. A 1956 wani matashin injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Michael May, ya ɗora fiffike a tsakiyar motarsa Porsche 550 ya je tseren Nürburgring a Jamus. A zagayen gwaji ya yi gudun da ya tayar wa ayarin kamfanin Porsche hankali, aka kai ƙara, aka hana shi amfani da fiffiken. Shekaru goma bayan haka Jim Hall, mutumin jihar Texas a Amurka, ya fito da Chaparral 2E mai dogon fiffike da direba ke iya sauya wa kusurwa da ƙafa. A 1968 fiffike ya shiga tseren Formula 1, kuma cikin ƙanƙanen lokaci aka riƙa kafa shi a kan dogayen sanduna sirara domin ya kai inda iska ba ta hargitse ba. A tseren Sifen na 1969, a Montjuïc da ke birnin Basalona, fiffiken motar Graham Hill ya karye yana cikin gudu, motar ta ƙwace masa ta daki shinge. Bayan 'yan zagaye na abokin ayarinsa Jochen Rindt shi ma ya karye a wuri guda, ya faɗa kan tarkacen motar Hill. Dukansu sun tsira da rai, amma ba a jima ba aka haramta irin waɗannan dogayen fukafukai. Wannan labari yana nuna abu biyu a lokaci ɗaya: iskar tana da ƙarfin karya ƙarfe, kuma motar da ta dogara da danniyar iska tana zama abin tsoro a daƙiƙar da danniyar ta ɓace.

Domin ka ga girman abin a yau, ɗauki Porsche 911 GT3 RS ta 2022, mai fiffiken da ya fi rufin motar tsawo. Kamfanin ya ce fiffiken tare da sauran sassan da ke sarrafa iska a gaba da ƙarƙashi suna danna motar da kilo 409 a gudun kilomita 200 a awa, da kilo 860 a gudun 285, alhali motar kanta nauyinta kilo 1,450 ne. Amma ka bi lissafin nan ta baya. A gudun 100 danniyar za ta sauko zuwa kilo ɗari da 'yan kai, a gudun 50 kuwa ba za ta wuce kilo ashirin da shida ba. Wato ko wannan mota da aka kashe wa ilimi da dukiya, idan tana cikin cunkoson gari, fiffikenta kaya ne kawai take ɗauke da shi.

Ba zan rufe amsar ba sai na ba ka taka hujjar, domin ko a cikin manyan motocin gudu akwai fiffiken da kwalliya ce zalla. Lamborghini Countach, wadda hotonta ya cika bangon ɗakunan samari a Turai da Amurka a shekarun 1980, an fi saninta da wani ƙaton fiffike a baya. Asalin motar ba ta da shi, ƙari ne da mai saye yake biya a sa masa, kuma abin da aka tabbatar yana yi shi ne rage mata ƙarshen gudu. Duk da haka masu saye da yawa sun nace sai da shi, domin a ganinsu motar ba ta cika ba idan babu. Saboda haka girma ba shi ne ma'auni ba: ɗan leɓen Audi TT da bai kai faɗin tafin hannu ba yana kare rai, ƙaton fiffiken Countach kuwa yana jawo kallo ne.

Tambaya: Ina da Corolla, kuma wani mai sayar da kayan ƙawar mota ya ce idan na sa mata babban fiffike za ta ƙara gudu, ta ƙara zama a kan titi, har ma ta rage shan mai. Kafin in kashe kuɗina, ina neman shawara.
— Wani matashi daga Kaduna

Amsa: Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka. A cikin alkawura ukun da aka yi maka babu wanda zai cika, biyu daga ciki ma akasinsu za ka gani.

Maganar ƙarin gudu da rage shan mai ita ce mafi nisa da gaskiya. Fiffike ba ya ba da danniya kyauta. Yana karɓar ladansa ta hanyar ƙara turjiyar iska, wato yana riƙe mota ta baya, inji kuma sai ya ƙara ƙona mai kafin ya ja ta. Motar da na ambata a sama shaida ce: GT3 RS ta fi 'yar'uwarta GT3 ƙarfin inji, amma ƙarshen gudunta kilomita 296 ne a awa, ita kuwa GT3 mai ƙaramin fiffike tana kaiwa 318. An sadaukar da gudun miƙaƙƙiyar hanya ne domin a sami saurin shan kwana a filin tsere, kuma masu sayenta sun san da wannan ciniki. Kai kuwa za ka biya kuɗin man ne ba tare da ka sami abin da suka samu ba.

Sai maganar zama a kan titi. Ƙa'idar gudu ga motar gida a Najeriya ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Idan muka ɗauki fiffike mai tsawon mita ɗaya da rabi da faɗin santimita ashirin, muka kuma yi masa kyakkyawan zato cewa siffarsa daidai take kuma iska mai tsabta take dukansa, danniyar da zai bayar a gudun 100 ba za ta wuce kilo goma sha huɗu zuwa ashirin ba, a cikin gari kuma kilo uku zuwa biyar. Jakar da kake jefawa a but ta fi wannan. Kuma zaton da muka yi masa ba ya tabbata, domin mafi yawan na kasuwa ba su da siffar fiffike ta gaskiya, faiba ce ko roba da aka zuba a ma'auni domin ta ba da sha'awa. Ban da haka, a mota irin taka rufi yana yankewa ne ya sauko kan but, iskar da ke bayan gilashi a hargitse take, tana juyawa, kuma fiffiken da aka kafa ƙasa a cikin wannan hargitsi ba ya samun abin da zai yi aiki da shi.

Akwai wani abu kuma da masu sayarwa ba sa faɗa. Corolla da tayoyin gaba take ja, da su kuma take juyawa. A ce fiffiken ya yi aiki sosai, to zai danna ƙarshen motar ne a bayan tayoyin baya, kuma duk abin da ya danna can yana ɗan ɗaga gaba. Sai ka ga an rage wa tayoyin da suka fi bukatar riƙo nasu rabon, motar ta riƙa turjewa tana son miƙewa idan an shiga kwana da gudu. Wannan ne ya sa duk motar da aka ba fiffike na gaskiya a masana'anta ake gyara mata gaba ma, a sa leɓe a ƙasan bamba, a shafe ƙarƙashi, a daidaita shokazoba, domin gaba da baya su tafi tare. Ko Honda Civic Type R, wadda ita ma da gaba take ja kuma tana da fiffike, a haka aka tsara ta, gaba ɗaya ba gunduwa-gunduwa ba.

Abin da ya fi damuna a wannan harka shi ne yadda ake ɗaurawa. Ana huda murfin but da dirila, a zura kusoshi huɗu, wani lokaci ko roba ba a sa wa ramin. Damina ɗaya ta isa ruwa ya fara taruwa a ramin safaya taya, tsatsa ta kama bakin hudar, fenti ya fara kumbura. Murfin but falle ne siriri da ba a yi shi domin ɗaukar jijjiga ba, shi ya sa a kan hanya mai gargada za ka ga fiffiken yana rawa har ramin ya buɗe. Ranar da ya fizge a kan babbar hanya, mai babur ko direban da ke bayanka shi zai kwana a ciki. Sannan yana tare maka madubin tsakiya, wani lokaci ya rufe fitilar birki ta uku da ke bayan gilashi.

Idan ƙawa kake so, ba laifi ba ne mutum ya so motarsa ta yi kyau, kuma ba zan hana ka ba. Ka nemi ɗan leɓe irin wanda kamfanin ya sa wa Corolla S, wanda ba shi da nauyi, a ɗaura shi da kyau a toshe ramukan. Amma idan zama a kan titi kake nema da gaske, to ka kai kuɗin ga tayoyi masu kyau da ba su tsufa ba, ka duba iskarsu a kai a kai, ka sauya shokazoban da suka mutu, ka gyara alaimen. Bambancin da waɗannan za su kawo za ka ji shi a hannunka tun a kwanar farko.

Tambaya: Na lura kusan duk jif da Sienna da Golf suna da wani abu da ya turo a saman gilashin baya, alhali ba motocin tsere ba ne. Mene ne amfaninsa?
— Wata mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Hajiya, wannan yana aiki, amma ba danna mota ƙasa aka sa shi ya yi ba. Motar da bayanta ya yanke a tsaye tana barin wani wuri mai ƙarancin matsin iska a bayanta, wanda yake jan ta baya duk tsawon tafiya. Wannan ƙarin da kika gani yana tsawaita rufin kaɗan, ya ɗan sunkuyar da shi, ya ba iska kaifin baki da za ta rabu da motar a kansa ba tare da ta naɗo ba, ta haka wurin da ke jan motar yana ƙanƙancewa. Tun a shekarun 1930 injiniyan Jamus Wunibald Kamm ya yi bincike a kan cewa baya mai yankakken ƙarshe, idan an tsara shi da kyau, yana iya ratsa iska da sauƙi. Ribar a mota ɗaya kaɗan ce, amma kamfanonin da dokokin ƙasashensu suka matsa wa lamba a kan shan mai da hayaƙi ba sa raina kaɗan. A cikinsa kuma ake saka fitilar birki ta uku, wasu motocin har da wayifar baya suke ɓoyewa a ƙarƙashinsa.

Tambaya: Na ga bidiyon wata mota da sifoilarta take fitowa da kanta idan ta ɗauki gudu, ta koma ciki idan ta tsaya. Wannan ba burga ba ce kawai?
— Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Akwai burga a ciki, ba na musu, amma asalinsa maganin wata matsala ce ta gaske. Tun da sifoila ba ta da amfani a ƙaramin gudu, a babban gudu kuma ba a iya yi sai da ita, hanya mafi dacewa ita ce a ɓoye ta sai lokacin bukata. Porsche ta yi haka a samfurin 911 da ya fito a 1989, wanda ake kira 964: sifoilar tana kwance a cikin murfin inji, idan mota ta kai kilomita 80 a awa sai ta ɗago da kanta. Masu zane sun sami bayan da suke so sumul idan mota tana tsaye, injiniyoyi sun sami natsuwar da suke so idan tana gudu, kuma ɗagowar tana ƙara buɗe wa injin hanyar shan iska, wanda a wancan zamani da iska ake sanyaya shi.

Bugatti Veyron ta 2005 ta kai wannan dabara wani mataki da ke nuna cewa abin ba wasa ba ne. Idan ta kai kilomita 220 a awa, motar tana sunkuyawa kusa da ƙasa, fiffike ya fito ya danne ta. Idan direba ya taka birki a babban gudu, fiffiken yana miƙewa zuwa kusurwar digiri 55 cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ya tare iska, ya zama birki na biyu, ya kuma hana nauyi komawa gaba gaba ɗaya. Idan kuwa ana son a kai ƙarshen gudunta na kilomita 407, sai an tsayar da ita an sa wani mabuɗi na dabam, wanda zai kwantar da fiffiken kusan gaba ɗaya domin a rage turjiya, kuma da zarar direba ya taɓa birki ko ya murza sitiyari sosai motar tana komawa tsarin danniya. Fiffike ɗaya ke nan da ayyuka uku, kowanne da lissafinsa. Irin wannan tunani ne ya shiga Formula 1 a 2011, lokacin da aka ba direbobi damar buɗe wani sashe na fiffiken baya a miƙaƙƙiyar hanya domin su ƙara gudu su wuce na gabansu.

Tun da kai ɗalibi ne, ga abin da za ka riƙa dubawa idan ka ga fiffike kana son sanin ko na aiki ne. Ka dubi yankansa ta gefe: na gaskiya yana da kauri a gaba, siriri a baya, kuma cikinsa ya fi lanƙwasa ta ƙasa, domin ɓangaren ƙasa ne yake yin mafi yawan aikin. Shi ya sa a sababbin motocin tsere ake rataye shi ta sama da ƙafafu masu lanƙwasa, don kada a ɓata wa iskar ƙasa hanya. Ka dubi tsawonsa, ko ya kai inda iskar da ta bi ta rufi za ta same shi. Sannan ka dubi inda ƙafafunsa suka sauka, ko a kan wurin da aka ƙarfafa domin ɗaukar ɗaruruwan kilo, ko a kan falle kawai.

Tambaya: Na sayi tsohuwar motar gudu ta Jamus, sifoilar da ta zo da ita daga kamfani ta tsage. Mai gyaran bodi ya ce a cire a shafe wurin, ba ta da amfani. In yarda?
— Wani mai karatu daga Abuja

Amsa: Alhaji, ban ba ka shawarar ka yarda ba. Gaskiya ne cewa a gudun da doka ta yarda da shi a hanyoyinmu da wuya ka ji bambanci, kuma wannan ne ya sa mai gyaran yake magana da gaba gaɗi. Amma abin da kamfani ya sa wa mota mai ƙarfi irin wannan an gwada shi ne tare da ƙafarta da tayoyinta da na'urar da ke hana ta zamewa, kuma motar tana da injin da zai kai ta gudun da sifoilar take da muhimmanci cikin 'yan daƙiƙu, ko a hannunka ko a hannun wanda zai ara ko wanda za ka sayar wa nan gaba, wanda ba zai san an cire komai ba. Idan tsagewar ƙarama ce, masu aikin faiba suna iya ɗinke ta ta ciki su mayar da ita siffarta ta asali. Ka tabbatar ba su ƙara mata tsawo ko sun sauya mata kusurwa ba. Idan ta lalace sosai, ka nemi irinta sak a wurin masu sayar da kayan gwanjo, ka duba lambar da ke jikinta ta ciki ka tabbatar ta dace da shekarar motarka. Idan kuma irin mai tashi da kanta ce, kada ka bari a yanke mata waya a bar ta kwance domin a kashe fitilar gargaɗin da ke dashbod. A gyara ɗan injin da ke ɗaga ta, kafin a gyara kuma ka rage gudu a duk tafiyar da za ka yi.